Filin Likitan Dabbobi: Tambayoyinku Kan Abincin Kaji da Rigakafinsu

Wasiƙun da suka taru a wannan fili tun daga ƙarshen damina kusan dukkansu a kan kaji suke, kuma babu mamaki, domin da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa sai mutuwa ta shiga akurki, a daidai lokacin da masu kiwon kajin nama suke zuba 'yan tsaki saboda kasuwar ƙarshen shekara. Na zaɓi guda shida a wannan fitowa, na kuma rage tsawon wasu daga cikinsu.

Tambaya: Likita, assalamu alaikum. Ina kiwon kajin gida tun ina amarya, kuma da kuɗinsu nake yi wa 'ya'yana ɗinkin salla. Kowace shekara idan sanyi ya shigo sai ciwo ya faɗa musu, su saki fuka-fukai, su riƙa gyangyaɗi, kashinsu ya koma kore, wasu kuma wuyansu ya murɗe. Bara cikin talatin da biyu, biyar suka rage mini. Na jiƙa musu sassaƙen maɗaci da barkono, na fasa musu kafso ja-da-rawaya a ruwa, duk a banza. Me zan yi bana?
Daga wata mai karatu a Kazaure

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya mayar miki da alheri. Alamomin da kika lissafa, musamman koren kashi da murɗewar wuya da yadda ciwon yake share gida cikin 'yan kwanaki, sun fi kama da cutar Niyukasil, wadda a wasu yankunanmu ake kira fakat. Ta samo sunanta daga wani gari a Ingila inda aka tantance ta kusan shekara ɗari da suka wuce, a Najeriya kuwa an fara tabbatar da ita a wajajen Ibadan tsakanin 1952 da 1953, kuma har yau babu cutar da ta kai ta cin kajin karkara. Ƙwayar da ke haddasa ta bairos ce, shi ya sa kafson da kika fasa bai tsinana komai ba, domin an yi shi ne saboda wata irin ƙwayar cuta dabam, wato bakteriya. Maɗaci da barkono kuwa ban raina su ba, da su muka tashi muka ga iyayenmu mata suna yi, amma a ganina ƙarfin jiki ne ya fitar da waɗannan biyar ɗin, domin duk annobar da ta shiga akurki takan bar 'yan kaɗan, ko an ba su jiƙo ko ba a ba su ba.

Abin da ya dace da kajin gida shi ne rigakafin da ake kira I-2. Masana a Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostireliya ne suka samar da shi saboda ƙauyukan da babu wutar lantarki, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924, tana sarrafa shi a nan gida. Ya fi sauran jure zafi, ba ya buƙatar sirinji, kuma ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba ce ko ɗan tsako. Za ki karkata kanta, ki ɗiga, ki jira ta ƙifta ido ruwan ya shige kafin ki sake ta. Jure zafin nan ba ya nufin a ajiye kwalbar a rana ko a aljihu. Idan babu firji a naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a gindin randa, kuma idan an haɗa ta da ruwa a gama da ita a ranar.

Ana maimaita shi duk bayan wata huɗu, saboda ƙarfinsa yana raguwa, kuma a wannan tsakanin an ƙyanƙyashe sababbin 'yan tsaki da ba su samu ba. Mafi muhimmanci a cikin ukun na shekara shi ne na wajajen Oktoba, domin jikin kaza yana buƙatar kimanin mako biyu kafin garkuwarsa ta kafu. Wanda ya jira sai kajin maƙwabci sun fara faɗuwa ya tashi fafe gora ranar tafiya, kuma daga nan ne zancen da ake yi cewa rigakafi yana kashe kaji ya samo asali: an ɗiga wa kazar da cutar ta riga ta shiga jikinta, ta mutu bayan kwana biyu, aka ɗora wa kwalba laifi. Tun da kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, ki haɗa kai da matan unguwarku ku sayi ɗaya a ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko wani amintaccen shago, ku tsayar da rana, ku yi da asuba kafin a buɗe akurki. Mai ɗigawa kada ya shiga gidan da ake da kaza marar lafiya.

Sai hanyar da cutar take shigowa, wadda galibi kasuwa ce. Mutum ya ga kajinsa sun fara gyangyaɗi, sai ya kwashi masu sauran kuzari ya kai kasuwa ya karyar, wani ya ga araha ya kawo gida. Duk kazar da ta shigo, ta saye ce ko ta kyauta, ki ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta haɗu da naki. Wadda aka sayo don yanka ma, kada a watsar da gashinta da kayan cikinta inda naki za su tona, wadda ta mutu kuma a binne ta da zurfi, kada a jefa ta a juji. Ki tuna kuma cewa da rani hatsi yana samuwa a tsakar gida, amma ƙwari da ɗanyen ganye sun ɓace, wato abin da ke gina jiki ya yi ƙaranci a daidai lokacin da cuta take yawo. Gara, da ganyen zogale, da ɗan dakakken ƙonannen ƙashi a cikin dusa, da ruwa mai tsabta kullum, suna taimaka wa jikin kaza ya karɓi rigakafin yadda ya kamata.

Tambaya: Likita, na zuba kajin nama 300 da kuɗin da na tara a shekarar hidimar ƙasa. Na yi musu rigakafin Gumboro a ruwan sha kamar yadda mai shago ya ce, amma a mako na huɗu suka fara farin zawo, gashinsu ya tashi, cikin kwana shida na rasa 74. Shin jabun rigakafi aka sayar mini?
Daga wani matashi a Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Jabu yana nan a kasuwa, amma a mafi yawan gonakin da na shiga bayan irin wannan asara, rigakafin na gaske ne, ya mutu ne a wani wuri tsakanin shago da bakin kaza. Bari mu bi sawunsa.

Da farko, siffar da ka bayar ta yi daidai da Gumboro. Sunan wani ƙauye ne a jihar Delaware ta Amurka, inda aka fara bayyana cutar a 1962. Tana kama kaji ne galibi tsakanin mako uku zuwa shida, mutuwar takan hau da sauri ta sauka cikin mako guda, kuma idan aka feɗe gawa akan ga ɗigo-ɗigon jini a naman cinya da ƙirji, tare da kumburin wata 'yar jaka da ke saman dubura daga ciki. Wannan jakar ce makarantar da ake horar da sojojin garkuwar jikin ɗan tsako, saboda haka waɗanda suka tsira ma sukan fito da raunin garkuwa, kowace cuta ta biyo baya ta same su a buɗe. Kana kusa da asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Da ka kai musu gawa biyu ko uku a rana ta farko, da an tabbatar maka, kuma wannan al'ada ce da nake so kowane mai kiwo ya riƙa.

Rigakafin Gumboro da na Lasota, wato na cutar Niyukasil, abu ne mai rai. Ƙwayar cutar ce da kanta aka raunana, aka busar a kwalba, kuma tana zama ne a sanyin digiri 2 zuwa 8. Ka tambayi kanka ko shagon da ka saya yana da sola ko janareta, ko kuwa firjinsa yana kwana a kashe idan an ɗauke wuta. Ka tambayi kanka kuma a cikin me ka ɗauko ta. Na sha ganin matashi ya saka kwalba a baƙar leda da gutsuren ƙanƙara, ya biya ta kasuwa, ya tsaya a majalisa, ya isa gona bayan la'asar, ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Fulas cike da ƙanƙara ake zuwa da shi, kuma daga shago sai gona.

Sai ruwan da aka haɗa. Ruwan famfo yana da kulorin, aikin kulorin kuwa kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ya bambanta na sharri da wanda ka sayo da kuɗinka. A yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse mai sanyi, idan kuma dole sai na famfo, a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana. A zuba madarar gari marar maiƙo kimanin giram 2 a kowace lita, wato misalin ƙaramin cokalin shayi guda, a bar ta ta narke kafin a sa rigakafin, kuma a buɗe kwalbar a cikin ruwan. Mazuban su zama na roba, waɗanda aka ɗauraye da ruwa zalla, babu sabulu babu Izal. A janye wa kajin ruwa na sa'a ɗaya zuwa biyu don su ji ƙishirwa, a yi aikin da sassafe, a kuma auna ruwan da za su shanye cikin sa'a biyu, domin bayan haka abin da ya rage ruwa ne kawai. A nan ne da yawa suke yin kuskuren da ba sa gani: mazubi biyar ga kaji 300, ƙarfafa su sha su ƙoshi, raunana su tarar da busasshen kasko, mai gona kuwa ya rubuta a littafinsa cewa ya yi wa kowa rigakafi. Ranar rigakafi ana ƙara mazubai ne, ana zagayawa ana tayar da na kwance.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ya fi wuya a Gumboro. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da garkuwar da ya gada daga uwarsa, kuma muddin tana da ƙarfi za ta kashe rigakafin da ka ba shi kamar yadda za ta kashe cutar. Idan aka yi da wuri an yi a banza, idan aka jinkirta cuta ta riga shi. Wannan ne dalilin yin sa sau biyu. Jadawalin da aka fi bi a gonakinmu shi ne na farko a wajajen kwana 7 zuwa 10, na biyu a wajajen kwana 21, Lasota kuma a tsakaninsu, a sake maimaita shi a mako na huɗu. A wasiƙarka sau ɗaya ka ambata. Kamfanin da ya ƙyanƙyashe 'yan tsakin ya fi mai shago sanin abin da aka yi wa iyayensu, saboda haka jadawalinsa ne a gaba, kuma ka tabbatar a bakinsu cewa an yi na cutar Marek tun a rana ta farko, domin wannan a wurinsu ake yi.

Abu na ƙarshe, wanda ba a cika dubawa ba, shi ne buhun abinci. Masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, da tunkuzar da ta sha laima, suna yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatokzin. An gano gubar ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Idan ta yi yawa tana lalata hanta ta kashe kaza, idan kuma kaɗan ce sai ta yi ɓarnarta a ɓoye, ta ƙanƙantar da wannan jakar da na ambata, kaza ta sha rigakafi mai kyau a lokaci mai kyau amma jikinta ya kasa amsawa. Dafawa ko shanyawa ba sa cire ta. Ka shinshina abincinka, ka duba ko ya dunƙule, ka ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, kuma kada ka sayi wanda zai wuce wata guda a ajiye.

Kafin ka sake zubawa, ka sani cewa ƙwayar Gumboro tana iya yin watanni a ɗaki. Ka kwashe shimfiɗar gaba ɗaya ka fitar da ita daga gonar, ka wanke ɗakin da sabulu, ka fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka bar shi fayau aƙalla mako biyu.

Tambaya: Likita, ina da kajin ƙwai 150. Da abinci ya yi tsada sai na fara haɗa buhu ɗaya na kamfani da buhu ɗaya na dusar masara. Yanzu ƙwai ya ragu, wasu suna fitowa da laushin ɓawo, kaji biyu sun kasa tsayuwa, kuma sun fara tsattsagar juna. An ce mini cuta ce, in sayi allura. Wace allura ce?
Daga wata Hajiya a Maraɗi

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗin allurarki, domin abin da ke damun kajinki yunwa ce, ko da yake cikinsu a cike yake. Lissafin ba shi da wuya. Kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, ba ta da wurin da za ta sa fiye da haka, kuma a cikin wannan ɗan abin ne dole ta sami furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kalsiyam kimanin giram 2, kuma don ta samar da shi sai ta ci kusan ninkinsa. Dusa kuwa kusan babu kalsiyam a cikinta, ƙarfinta ma bai kai na tsabar masara ba. Da kika raba buhu biyu, kin raba kalsiyam ɗin biyu, kazar kuma ba ta daina ƙwai nan take ba, sai ta koma tana ɗiba daga ƙashinta. Waɗannan biyun da suka kasa tsayuwa, ƙashinsu suka zuba miki a kiret. Tsattsagar juna ma sau da yawa daga ƙarancin furotin da gishiri take tasowa, cunkoso da zafi su ƙara mata wuta.

Ki mayar da su kan cikakken abinci yau, ki kuma ajiye musu dakakken dutsen laimiston mai ɗan tsakuwa-tsakuwa a wani mazubi dabam, musamman da yamma, domin da dare ne kaza take gina ɓawo, kuma mai tsakuwa ya fi daɗewa a ƙundu fiye da gari. Waɗanda suka kwanta ki ware su kusa da ruwa da abinci, ki sa musu bitamin mai ɗauke da D3 a ruwa. Idan ba a makara ba sukan miƙe cikin 'yan kwanaki.

Na san tsadar abinci gaskiya ce, kuma ban ce kada a haɗa a gida ba, sai dai a haɗa da awo. A cikin kilo 100 na abincin kajin ƙwai, kimanin rabi ko ɗan fiye masara ce, kilo 20 zuwa 25 waken suya da tunkuza, dusa kilo 10 zuwa 15, laimiston kilo 8 zuwa 9, garin ƙashi kamar kilo 2, sannan gishiri giram 300, da firimis na kajin ƙwai, wato haɗin bitamin da ma'adanai, da lisin da metiyonin, wato sinadaran da ke cike giɓin furotin, bisa awon da ke jikin ledarsu. Waɗannan na ƙarshe su ne mafi ƙanƙanta a sikeli, su ne kuma aka fi tsallakewa, alhali rashinsu ne yake kawo naɗewar yatsun 'yan tsaki da karkarwa da kumburin ido. A wajenku da gero da dawa suka fi masara samuwa, suna iya maye gurbin wani kaso nata, amma farar dawa ta fi ja, domin jar tana da ɗacin da ke hana jiki cin moriyar furotin. Waken suya dole a soya shi ko a turara shi, ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Ƙuli-ƙulin kasuwa mai gishiri da yaji ba na kaji ba ne, angurya kuma tana ɓata launin gwaiduwa idan ta yi yawa. Idan farar masara kike amfani da ita, busasshen ganyen zogale kaɗan zai dawo wa gwaiduwa da launinta, ya ƙara bitamin A.

Kada ki manta da ruwa. Kaza tana shan kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, a zafin Afrilu da Mayu kuwa fiye da haka nesa, kuma hakin da take yi a irin wannan lokaci shi kansa yana sa ɓawo ya yi laushi. A ba su abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, a sauya ruwa idan ya ɗumama. Wani hanzari kuma, Niyukasil ma tana rage ƙwai ta lalata ɓawo a kajin da rigakafinsu ya tsufa, saboda haka ki duba littafinki. Kajin ƙwai suna buƙatar a riƙa sabunta musu shi muddin suna gona, bisa tazarar da ma'aikatan kiwo na yankinku suka tsara. Amma ki bari sai sun murmure, domin ba a yi wa kaza mai rauni rigakafi.

Tambaya: Likita, 'yan tsakina masu mako huɗu suna kashi da jini. Wane rigakafi na tsallake?
Daga wani mai karatu a Gusau

Amsa: Malam, mai yiwuwa ba ka tsallake ko ɗaya ba. Kashin jini a wannan shekaru galibi koksidiyosis ne, wata ƙwaya ce da ke cin bangon hanji, kuma a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa take nuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kaji su tsattsaga su haɗiye. Yana jin magani, amfuroliyam na cikin waɗanda aka fi samu, a ba su a ruwa har adadin kwanakin da aka rubuta ya cika, ko da jinin ya tsaya a rana ta biyu. Amma idan ba ka gyara ƙasa ba zai dawo. Ka kwashe duk inda ya jiƙe a kewayen mazuban ruwa, ka ɗaga mazuban zuwa daidai bayan kaza, ka ƙara ɓuntun shinkafa ko dusar katako busasshiya, ka buɗe tagogi iska ta ratsa. Idan ka damƙi shimfiɗar ta dunƙule a hannunka, ta yi laima. Kuma duk maganin da ka bayar, ka karanta kwanakin da aka ce a jira kafin yanka, ka cika su, domin abin da ya rage a naman cikin mutane yake tafiya.

Tambaya: Likita, wani ya zo gonarmu yana tallar allurar murar tsuntsaye, ya ce daga waje aka shigo da ita. In saya?
Daga wani manomi a Bauchi

Amsa: Kada ka saya, Malam. Tun da aka gano cutar a wata babbar gona a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, wanda shi ne karo na farko da aka tabbatar da nau'in H5N1 a kajin Afirka, ta kuma tsallaka Magariya a Jamhuriyar Nijar a wannan watan, manufar da gwamnatin tarayya ta bi ita ce a kai rahoto, a killace gona, a hallaka kajin da suka kamu, ba a yi rigakafi ba. Haka aka yi da ta dawo ta Kano da Legas a farkon 2015. Allurar da ta shigo ta bayan gida ba ka san nau'in da aka yi ta dominsa ba, ba ka san zafin da ta sha a hanya ba, kuma mafi muni, tana iya ɓoye alamun ciwon alhali kaji suna ci gaba da yaɗa shi.

Kariyar murar tsuntsaye a ƙofar gona take. Kiret ɗin ƙwai na kwali da ya zaga gonaki ya dawo, da motar masu sayen kashin kaji, da dillalin da ya fito daga kasuwar kaji ya shiga ɗakinka da takalminsa, su ne manyan masu kawo ta. Tsuntsayen daji ma suna ɗauke da ita, musamman na ruwa masu sauka a fadamu irin na Haɗeja da Nguru da hunturu, kuma an ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Ka rufe ɗakinka da raga, ka rufe tankin ruwa, kada agwagi su haɗu da kaji. Idan ka wayi gari ka ga mutuwa mai yawa farat ɗaya, fuska ta kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, sangalin ƙafa ya yi jaja-jaja kamar an ƙuje, kada ka yanka, kada ka sayar, kada yara su taɓa, domin tana kama mutum. Ka sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha, su ne za su ɗauki samfur su aika Vom.

Tambaya: Likita, duk damina sai ƙuraje su fito wa kajina a fuska da zanko har ido ya rufe. Ina shafa musu manja. Akwai abin da ya fi shi?
Daga wata mai karatu a Kontagora

Amsa: Malama, wannan ƙurajen kaji ne, kuma sauro ne babban mai yaɗa shi, shi ya sa kike ganinsa da damina. Manja yana tausasa ɓawon ƙurjin, ba laifi, amma aidin ya fi shi hana gyambo ruɓewa, sai dai a kiyaye kada ya shiga ido. Yawancin manyan kaji suna warkewa cikin mako uku zuwa huɗu, kuma ba ya sake kama wadda ta warke. Waɗanda suke mutuwa galibi 'yan tsaki ne da idonsu ya rufe suka kasa ganin abinci, ko waɗanda ƙurajen suka fito musu a cikin baki da maƙogwaro, saboda haka irin waɗannan a ware su, a riƙa ba su jiƙaƙƙen abinci da ruwa da hannu.

Rigakafinsa yana cikin waɗanda ake yi a Vom, kuma sau ɗaya ya wadatar ga yawancin kaji. Ana yin sa ne tun suna mako shida zuwa goma, kafin ruwa ya sauka, da wata allura mai baki biyu da ake tsomawa a kwalba a huda siririyar fatar fiffike, a kauce wa jijiya da nama. Bayan kwana 7 zuwa 10 ki ɗaga fiffiken ki duba: idan kin ga ɗan kumburi ko ɓawon ƙurji a wurin hujin, ya kama, idan kuwa fatar tana nan sumul, sai a sake yi wa wannan kazar a ɗaya fiffiken.